Waken da Ƙwari Suka Ƙi

Sallama gare ku, da ku da kuka saba leƙowa shafin nan da ku da yau ne farkonku. Sunana Mashkura, 'yar Wurno, shekarata ashirin da bakwai, kuma a wurin matan unguwarmu na daɗe da ruɓewa a gida. Ina digiri na biyu a Sakkwato, ɓangaren binciken abin da ke ɓoye cikin ruwa da ƙasa da abinci da jinin mutum. Innata in an tambaye ta aikina cewa take, "Tana can tana wankin kwalabe." Abin da zan ba ku yau ko ƙawata ban gaya wa ba.

Akwai wani Alhaji Almustapha, dillalin wake da gero a Achida, mai sito uku da farar mota da turaren da ke riga shi shiga zaure. Shekara biyu yana zarya gidanmu. Shekara biyu Inna tana bi na da shi daga madafa har bakin banɗaki, gwaggonni suna taya ta ta waya. Watan da ya wuce na ce to. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba so ba ne, gajiya ce. Na gaji da a je biki a nuna ni da baki.

Kullum da safe saƙonsa ke fara shigowa, da jajayen zukata jere kamar tumatir a faifai:

"Slm Dokta ta. Ya wankin kwalba? In kin shigo gidana sai kwalba ta wanke kanta."

Sai hoton mutum yana dariya har da hawaye. Shi a ganinsa ya yi barkwanci. Mutumin da bai san bambancin gishiri da kanwa ba in an narka su, shi ne ke yi wa karatuna dariya. Nakan amsa da "Lafiya lau" in kife wayar.

Ƙanwata Sadiya, wadda ta riga ni aure kamar yadda ake tuna mini safe da yamma, ta dawo gida goyon cikin fari. Cikin nan nata na ƙosai ne. Ƙosai da safe, alala da rana, in ta tashi daga barci ta nemi wake da shinkafa. Inna kuwa ba ta yarda a sayi wake a ko'ina ba sai a shagon Almustapha da ke kasuwar Achida, kuma da kuɗinta, wai kada a ce mun fara cin arzikin suruki tun ba a ɗaura ba. Ranar Asabar Sadiya ta haifi namiji. Suna Asabar mai zuwa, taron mata a gidanmu.

Ranar Litinin mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke buhun wake uku, gudunmawar Alhaji. Ku zo ku ga mata! Inna ta fito da sabuwar atamfarta mai ruwan goro, ɗankwali a karkace, ta sa aka farke bakin buhu ɗaya a tsakar gida don kowa ya gani. Ta tsoma hannu har gwiwa ta ɗebo, fari tas, manya-manya, ba huda ko ɗaya.

"Ku duba don Allah," ta ce. "Wake tun na bara, ba ƙwaro ko guda! Wanga shi na wake."

Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta zo daga Kwargaba tun ranar haihuwa da nata ɗan buhun, waken gonarta da ta ajiye cikin toka da barkono. Ƙanana ne, wasu da huda, in ka girgiza sai ka ga ƙwari biyu uku suna gudu. Inna ta sa aka tura shi bayan randa.

"A bar shi nan, Kaka, a ba kaji," in ji ta, da muryar girmamawa wadda duk mai kunne ya san raini ce.

Kaka ta ci gaba da jan carbinta.

Aka jera buhunan Alhaji a ɗakin ajiya aka ja ƙofa. Ranar Laraba da safe na shiga ɗebo gero. Ina buɗe ƙofa wani wari ya doke ni, ba mai ƙarfi ba, amma hancina ya san shi. Na duba ƙasa. Kyankyasai sun fi ashirin, duk a rigingine. Tsaka biyu sun faɗo daga bango sun bushe. Hatta layin tururuwan da ya addabe mu shekara da shekaru ya tsaya cak, baƙi sitik a jikin buhu.

Na kira Inna. Ta leƙo, ta riƙe haɓa, sai ta yi murmushi.

"Kin gani ko? Albarka ta. Ko ƙwari tsoron wakenga sukai."

"Inna, abin da ya kashe tsaka daga nesa, mi zai yi cikin hanjin mutum?"

"Ke raba ni da boko. Wankewa za a yi, a surhe, a soya cikin mai. Wace guba ka tsira cikin tahwasasshen mai? Ke dai ba ki son yaronga, shi ke nan."

Ga inda zan tona kaina. Gaskiya Inna ta faɗa, ba na son shi. Lokacin da na sa safar hannu na ɗibi wake daga sama da tsakiya da ƙasan kowane buhu, na ɗaure a leda na rubuta lamba, zuciyata ba ta mutanen unguwa take ba. Addu'a nake a sami wani abu. Na kuma ɗebi tafi ɗaya daga na Kaka, saboda a aikinmu ba a gwada abu shi kaɗai, sai da abin da za a kwatanta shi da shi. Na zura su a jaka ƙarƙashin farar rigar aikina, na zumbula hijabi na hau bas. Da muka ratsa Achida na hangi shagonsa, buhuna har rufi, mata sun yi layi da kwanukansu.

A ɗakin bincikenmu akwai wata na'ura da ake kira GC-MS. A ido ba ta da wani kwarjini, akwatuna biyu ne farare a manne da kwamfuta. Amma a cikinta akwai siririn bututu kamar gashin doki, tsawonsa mita talatin, a naɗe cikin tanda. In an ɗura mata ɗigon abu, sai ta mai da shi tururi ta kora shi cikin bututun. Kowane sinadari da saurin tafiyarsa, don haka ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, tana farfasa kowanne tana auna gutsattsarinsa har ta gane ko wane ne. In abu ya fito sai allo ya zana tsini. Tsawon tsinin shi ne yawan abin.

Mai kula da ita dattijo ne, Malam Yusha'u, wanda ya fi kishin iskar gas ɗin na'urar nan fiye da abincinsa. Aikina na makaranta kan kifi da ruwan dam ɗin Goronyo ne, don haka da ya ga wake sai ya sauke tabarau.

"Yaushe kifi ya koma wake? Daga ina wannan?"

"Daga gidan aurena, Malam."

Ya dube ni, ya dubi ledojin, ya kai ɗaya hancinsa ya yi saurin janyewa.

"Je ki niƙa," ya ce. "Amma ki fara da wofi."

Wofi shi ne ka bi duk matakan aiki ba tare da samfur ba, don ka tabbata ba kwalbarka ce ke da datti ba. Wankin kwalaben da ake yi mini gori da shi, amfaninsa ke nan. Ranar nan na niƙa, na auna giram goma-goma, na zuba ruwan sinadarin da ke tsotso magani daga gari, na girgiza har kafaɗata ta yi tsami, na sa a injin da ke juyawa ya kwantar da gari ƙasa, na tace ruwan saman cikin 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Sai Alhamis da hantsi muka kunna.

Wofi ya fito layi a miƙe. Waken Kaka, wanda aka ce a ba kaji, shi ma kusan a miƙe. Sai na farko daga buhun Alhaji. Ina zaune na harɗe hannu, wayata ta yi ƙara:

"Dokta ta, an ce kin tafi Sakkwato ana tsakar hidima. Haba. Kwalba ta fi ɗan ƙanwarki?"

Ina ɗaga kai tsini ya tashi a allo ya soki sama. Maganin ƙwarin nan ne da ake fesa wa ɗaki, wanda kowa ke kira fiya-fiya. Mun riga mun ɗura wa na'urar tsantsarsa don ta san shi, ga shi ya fito daidai lokacinsa, gutsattsarinsa iri ɗaya. Ya ninka abin da aka yarda a samu a abinci ninkin da sai da muka tsarma samfurin muka sake ɗurawa kafin ya shiga ma'auni. Na ji wani daɗi, Allah Ya yafe mini. Na ce a raina, yau na kama ka, mai turare.

Daɗin bai yi minti goma ba. Can gaba wani tsinin ya sake tashi, gajere amma tsaye. Malam Yusha'u ya matso da kujerarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Sake," ya ce.

Muka sake. Buhu uku, kowanne sau uku, yana nan.

"Na farkon in an shanya an wanke yana raguwa, ko da yake wannan yawan ya wuce wasa," in ji shi. "Na biyun nan shi ne mugun. Tsohon magani ne, an daɗe da hana shi, amma ana shigowa da shi a ɓoye. Ba ya barin jiki da wuri. Cikin kitse yake zama, ya taru a hankali. Har a nonon mata masu shayarwa ana samun shi."

Na tuna Sadiya da kwanon ƙosai a kan cikinta, wata uku cur. Na ce wa kaina ai na shago daban, wannan daban, ban gwada na shago ba, kuma mai bincike ba ya faɗin abin da bai auna ba. Na naɗe takardar sakamako na sa a jaka.

Juma'a da safe na isa Wurno. An riga an fito da manyan robobi, bayan la'asar za a jiƙa. Na sami Inna a ɗakinta tana jera kayan fitar suna, leshi ruwan toka da mayafi mai duwatsu. Na shimfiɗa takardar a kan leshin, na nuna mata layin Kaka da tsinin Alhaji. Maganar nono kuwa na haɗiye ta.

Ta dubi takardar kamar an ajiye mata mushe.

"Zane na ɗan makaranta shi za ki kawo mani? Mashkura, kin san mi ake nuhi da a maida ma mutum kyautatai? Kin san in buhunan ga sunka koma Achida aurenga ya mutu? Mi zan ce ma mutane?"

"Ki ce ba ki so su kwana asibiti."

"Rufe mani baki! Dut Wurno da Rabah wa bai cin waken Alhaji? Sun mutu?"

"To a kira shi, Inna. In ya rantse bai sa komi ba, ni da hannuna zan jiƙa."

Na san na yi kasada. Da ya rantse, da an gama da ni, don Inna rantsuwar Alhaji za ta ɗauka ta bar na'urar da ba ta yin salla. Na tura masa saƙo: "Ka biyo bayan Juma'a. Magana ce kan wake."

Ya zo da shadda fara ƙal mai aiki har ciki, hula a goshi, makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Na shimfiɗa masa darduma a zaure. Inna ta tsaya daga ciki bayan labule, tunda suruka ba ta zama gaban surukinta, amma ina ganin yatsun ƙafarta da jan lalle ta ƙasa.

Na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Mi na na kuma, Dokta? Hoton bugun zuciyata kinka ɗauko?"

"Magani na. Iri biyu, cikin waken da ka aiko. Ka sa ko ba ka sa ba?"

Jira nake ya yi tsalle ya rantse da kabarin kakansa. Sai kawai ya dafe goshi.

"Subhanallahi! Buhun da anka kawo, da jan zare anka ɗinke bakinai ko da baƙi?"

"Ja."

"Kash! Wallahi kuskure na. Laihina na, ban gaya ma direba da kyau ba. Mai jan zare na kasuwa na. Na gida daban shike, cikin buhu mai leda, ba mu sa mashi komi." Ya yi wata 'yar dariya ta samun sauƙi, ya gyara hula. "Ashe abin da yat tashe hankalinki ke nan? Haba Dokta. Ni zan ba iyalina na kasuwa? Yanzu in buga waya a ɗauke wanga a kawo maku na gida kahin la'asar. Wanga ko shi koma shago, ba a yi asara ba."

Jama'a, na ga wauta a rayuwata, amma ban taɓa ganin wadda ta sha turare ta zauna a darduma tana jiran a gode mata ba. Shi fa a zuciyarsa ya gama wanke kansa. Har wani kallo yake mini na mutumin da ya nuna wa budurwa irin gatan da za ta samu.

"To waɗanda ka sayen na kasuwan hwa?" na ce.

"Kasuwa kasuwa ta. In mace ta ga ƙwaro guda cikin mudu, shagon gaba taka tahiya. Su ka son hwari tas, mu ko mu ba su. Kowa haka shikai."

Labule ya motsa. Inna, wadda shekara biyu ko sunansa ba ta kamawa don kunya, ta ɗaga shi ta fito zaure, ba ko mayafi.

"Almustapha."

Ya zabura ya durƙusa. "Inna, ina wuni..."

"Wanda ka cikin shagonka na kasuwa, wane zare ag gare shi?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Tambayarka nikai."

"Ja na, Inna. Amma da kun yi magana ai da..."

"Wata ukku ina aike shagonka. Ban je wani wuri ba, don ina cewa na surukina ya hi tsabta. Ɗiyata da ciki ta ci shi sahe da marece. Ka san daga gidanga aka zuwa saye. Ko sau guda ba ka ce a dakata ba."

"Wallahi ban lura ba, yaran shago..."

"Tashi."

Ya miƙe, makullin ya daina kaɗawa.

"Wakenka ba shi komawa Achida, don ka sai da ma wata uwa irina. Rami za a tona a bayan gari, nesa da rijiya, a rufe shi. Buhunan wohi za a kai maka, da jan zarenka. Kada ka aiko da na gidan. Ku ci abinku, Allah Shi ba ku tsawon rai."

Ta juya ta shige. Ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Na naɗe dardumar tun bai gama sa takalmi ba. Motarsa ba ta kai kwalta ba saƙo ya shigo: "Kin ɓata komi saboda kwalba." Wannan karon ba zukata. Na goge lambar.

Da la'asar aka jawo ɗan buhun Kaka daga bayan randa. Ba zai ƙosar da rabin taron ba, sai dai a cika da waina. Mata suka zauna a rumfa da faya-fayai ana tsince ƙwari, kowa na satar kallona, ana ƙus-ƙus cewa na kori miji da takarda. Ban damu ba. Kaka tana tsakiya tana hure toka daga wake, ba ta ce wa kowa ai na gaya muku ba. Ni kuwa abin da na roƙa na samu, aure ya mutu, amma ko ɗigon daɗi babu a raina. Daga ɗakin jego ina jiyo Sadiya tana lallashin jariri, ya yi 'yar ƙara, sai ya yi shiru alamar ya kama mama.

Inna ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma, abin da rabonta da yi tun ina sakandare. Ta ja faifaina tana tsinta, idonta a ƙasa. Ni ban gaya mata abin da Malam Yusha'u ya faɗa ba, ban gaya wa kowa ba.

"Mashkura," ta ce, da muryar da ni kaɗai zan ji.

"Na'am, Inna."

"Wanga injin naku." Ta murƙushe wani ƙwaro da farce, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakin jego. "Shina iya duba nono?"

Na ajiye faifan. A jakata akwai kwalba guda da na wanke da hannuna tun a Sakkwato, na naɗe ta cikin farar rigata, ina ta roƙon Allah kada in buƙace ta. Na tashi na ɗauko.